Yis Ma Azumi Yake

A unguwar Jakara in ka ce gurasa ba ka faɗi komai ba, don kusan kowane lungu da tanderunsa. Sai ka ce ta wa. In ka ce ta gidan Mero, to an san ka san gari. Gurasar Mero fara ce mai tashi, bayanta da ɗan ja-ja inda ta manne da bangon tanderu, kuma ko ta kwana ba ta komawa fatar takalmi irin ta wasu da ba sai na kira suna ba. Sana'ar gado ce. Kakarta ta yi, uwarta Iya ta yi, ita ma ga shi furfura ta cim mata a bakin wutar. Duk azumi kuma gidan ne ke kai gurasar buɗa-baki masallacin unguwa, sadakar da aka gada tare da tanderun.

Abu biyu Mero take alfahari da su a duniya. Na farko gurasar, wannan kam in ka zauna kusa da ita sai ta ba ka labarinta har kunnenka ya yi tsami. Na biyun kuwa bakinta ba ya iya faɗa, domin 'yar farinta ce, Nana Hauwa.

Mero irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Tun da ta haifi yarinyar ba ta taɓa kiran sunanta ba. A ɗakin Iya yarinyar ta tashi, tana ce wa uwar tata Yaya kamar yadda ta ji yaran gida suna faɗa. In Mero za ta yi zancenta sai ta ce "waccan", ko "'yar ɗakin Iya". Ranar da Nana Hauwa ta dawo daga ƙasar waje da digirin da ake ce wa mutum Dakta, mata suka cika gidan da barka, Mero ko ɗaga kai daga kan kwaɓinta ba ta yi ba. Ta ce su je su yi wa dangin ubanta, su ne da 'ya. A ranta kuwa daɗi kamar ya fasa mata ƙirji, har sai da ta shiga ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai, ta fito tana cewa hayaƙin kara ne.

Matsalar ɗaya ce, ba wanda ya san takamaimai abin da Daktar ta karanto. 'Yardada, maƙwabciyar Mero kuma ƙawarta tun suna ɗaukar talla, ita ce ta tsare yarinyar da tambaya. Nana Hauwa ta yi ta neman Hausar da za ta ɗauki zancen, daga ƙarshe ta ce ita dai tana binciken yadda kitse yake yi in ruwa ya ƙafe a jikinsa.

'Yardada ta riƙe haɓa. "Kitse dai? Yo ai da kin faɗa da wuri da mun kai ki wajen mahautan kasuwar Kurmi, ba sai an hau jirgi ba."

Shi ke nan suna ya bi ta, Likitar Kitse. Mero tana ji ana faɗa a gidan biki, ana faɗa a gidan suna, abin yana ci mata rai, amma ina bakin ramawa? Uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. Kuma tsakani da Allah ita ma ba ta san me ake karantawa a kitse ba.

Gab da azumin bana, a tsakiyar zafin bazara, sai ga a-kori-kura ta tsaya a bakin lungu. Aka sauke firiza fara tas, da faifan sola da aka kafa a kan soro. Nana Hauwa ce ta aiko daga albashinta na jami'a. Wanda ya yi azumi a cikin birni, inda wutar lantarki take leƙowa kamar baƙon kunya, ya san darajar ruwan sanyi da magariba. Mero ta kalli firizar, ta juya ta kalli bango, ta ce, "An gode. Allah ya yi albarka." Iyakar abin da aka ji daga bakinta ke nan.

Amma abin da baki ya kasa, hannu ya ɗauka. Ta ɗinka wa firizar mayafi. Kullum sai ta goge ta. Ta shiga rabon ƙanƙara gida-gida, duk wanda ya karɓa sai ta ce, "Ta firizar nan ce," ta tsaya kaɗan ko zai tambayi wa ya saya. Lamurje da ruwan firiza, kunun aya da ruwan firiza. Sannan ta yi wani abu da ba ta gaya wa kowa ba. Da can in za ta jiƙa yis, wato garin nan da ke tayar da kwaɓi, ruwan jarkar da ke zaune a tsakar gida take tsiyayowa, wanda rana ta riga ta ɗumama. Yanzu sai ta buɗe firiza ta ɗebo mai ƙanƙara-ƙanƙara. Dalilinta na fili shi ne zafi ya yi yawa, kada kwaɓi ya yi saurin tsami. Dalilinta na zuci kuwa daban. Yarinyar nan ba ta taɓa sa hannu a kwaɓi ba, damtsenta sumul, babu tabon bakin tanderu irin na duk matan gidan. To ga hanya ta samu, ko ba hannunta ba, ruwanta dai ya shiga gurasar kakanninta.

Daga nan gurasa ta lalace.

Kwaɓin da ya saba cika baho har ya ture marfi, sai ya kwanta luƙus, ya yi ruwa-ruwa, yana bin yatsu. In ta mara shi a bangon tanderu sai ya zame ya faɗa cikin garwashi, ƙauri ya cika gida. Wanda ya daure ya manne kuwa sai ya fito a daskare kamar faifai. Ta sauya fulawa. Ta sauya kantin da take sayen yis. Ta yi wa mai kawo kara faɗan da bai ji ba bai gani ba. Ta ƙara yawan yis ɗin, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Firiza ce kaɗai ba ta taɓa zargi ba, don ko a mafarki ba za ta haɗa kyautar nan da ɓarna ba.

'Yardada ta ce baki ne, mutane sun ga firiza sun ga sola. Ta kawo turaren tsari, ta kawo rubutu a ƙwarya. Mero ta sha bayan buɗa-baki don kada ta ƙi ƙawarta, amma a ranta ta riga ta yanke abin da yake damunta. A gidansu ana cewa hannu yana mutuwa. Ta ga ranar da na Iya ya mutu, gurasa ta yi ta zubewa a wuta, tsohuwar ta wanke hannu ta tashi daga kan kujerar ta ce, "Mero, zauna." To ita wa za ta ce wa zauna? 'Ya'yanta maza suna kasuwa, matansu ko ƙamshin hayaƙi ba sa so, mace ɗaya tilo kuma Dakta ce. In hannunta ya mutu, tanderun gidan ne ya mutu, kuma a kanta gadon zai yanke.

Malam Isyaku, ladanin masallacin, shi ke zuwa ɗaukar gurasar sadaka. Mutum ne mai kara. Ya yi ta karɓar faya-fayan nan yana godiya, har ranar da ya tsaya a zaure ya yi ta gyaran murya.

"Hajiya, cewa na yi ko za ki huta bana. Masu gurasar gidan Sabo sun ce in da hali za su karɓi sadakar. Jiki da jini, ai ba laifi ba ne."

Mero ta ji kamar an zare mata zani a kasuwa. Ta ce daga bayan labule, "Malam, a bar ni zuwa Juma'a. In ba ta tashi ba, ka ba su. Ni kuma in kife tanderun."

Ranar Juma'a da hantsi sai ga sallamar Nana Hauwa. 'Yardada ce ta buga mata waya, don ita bakinta ba ya riƙe ruwa, balle magana. Daktar ta shigo da doguwar rigarta da tabarau, leɓenta a bushe da azumi, ta durƙusa ta gaishe da uwar. Mero ta amsa tana kallon baho. Yarinyar ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna gefe, ta ce ita kallo kawai za ta yi.

Mero ta tankaɗe fulawa. Ta auna gishiri a tafin hannu. Ta zuba yis a ƙaramin kwano da ɗan sukari. Sannan ta miƙe ta ɗaga mayafin firiza, a hankali yadda mai kallon za ta gani da kyau, ta ɗebo ruwa a kofi, ƙanƙara tana ƙara a ciki.

"Yaya, dakata. Da wannan kike jiƙawa?"

"Da wanne zan jiƙa? Ruwa mai tsabta yana gida."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo abin."

Nana Hauwa ta cire tabarau ta dafe goshi. Mero ta saci kallonta, ta ga idon yarinyar ya kawo ruwa, amma bakinta yana son yin dariya.

"Yaya, ba ni kwano biyu."

Ta raba yis ɗin gida biyu, kowanne da ɗan sukarinsa. Ɗaya ta zuba masa ruwan firiza. Ɗayan ta je jarkar tsakar gida ta tsiyayo, ta taɓa da bayan hannu kamar mai gwada ruwan wankan jariri, ta zuba. Ta ajiye su a gindin bango.

"Kin san garin nan rai gare shi?"

"Na san yana tashi. Ban san yana numfashi ba."

"Rai gare shi, Yaya. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, cunkus a kowace ƙwaya. Kowacce tana cikin membrane..."

"Mam me?"

"Tantani. Kamar 'yar jaka ce da ta rufe ta, ta riƙe abin da ke cikinta. To jakar nan da kitse aka yi ta. Wannan kitsen nake karantawa, ba na mahauta ba."

Hannun Mero ya tsaya da aiki.

"In da ruwa a jikinsa, kitsen nan laushi gare shi, yana motsi kamar man gyaɗa. Masu yin yis sai su busar da shi don ya daɗe bai lalace ba. Da ruwan ya fita sai kitsen ya matse, ya sandare kamar kakide. Halittar ba ta mutu ba, ta dai yi shiru tana jira. To ranar da ruwa ya dawo, nan ne haɗarin. In mai ɗumi ne, kitsen zai fara saki tukuna, jakar ta buɗe a hankali ba ta yage ba. In mai sanyi ne, ruwan zai shige ta tana sandare, ta tsattsage, abin cikinta ya tsiyaye. Wasu su mutu, wasu su rayu a raunane. Abin da ya tsiyaye ɗin kuma shi ne yake sakar miki kwaɓi har ya kasa kama bango. Shi ya sa da kika ƙara yis abin ya ƙara lalacewa."

Mero ta daɗe tana kallon kwanonin. Ta juya zancen a ranta, ta juya, har ta samo masa gefen da za ta kama.

"To ki ce azumi yake."

"Na'am?"

"Ya bushe, ya yi shiru, yana jiran a kira salla. Ni kuma na zo na ɗura masa ƙanƙara a cikin da ba komai. Iya ko kusa ba ta barinmu mu buɗe baki da ruwan randa mai sanyi, sai mun fara da dabino da kunu mai ɗumi. Cewa take ciki zai murɗa."

Nana Hauwa ta yi dariya har tana share ido. "Wallahi Yaya da na san wannan da shi zan riƙa fara wa ɗalibaina. Azumi yake. Buɗa-baki kika ɓata masa."

Kafin su gama maganar kwanon ruwan jarka ya fara kumfa. Kumfar ta taso, ta yi tozo, ƙamshin nan mai ɗan tsami da Mero ta yi kewa ya bugi hancinta. Na ruwan firiza kuwa yana nan kwance kamar ruwan wankin shinkafa, da 'yan ƙwayoyin kumfa a gefe don kada a ce bai yi komai ba. Mero ta ɗaga hannayenta biyu ta dube su, ciki da baya. Ashe suna nan da ransu.

Sai dariyar Nana Hauwa ta ɗauke. Ta sunkuyar da kai tana wasa da tabarau.

"Ashe ni na jawo miki. Na kawo abu don ki huta, ya kusa kashe miki sana'a. Da kin kife tanderun nan saboda ni, da ban yafe wa kaina ba."

"Firiza ba ta yi laifi ba," in ji Mero, a tsawace, tana fuskantar baho. "Ita ta ce a zuba? Ni na zuba."

"To me ya sa, Yaya? Shekara da shekaru da ruwan jarka kike yi."

Mero ta kawar da kai. Ta juye yis mai kumfa cikin fulawa, ta hau murza kwaɓi da ƙarfin da bai kamata mai azumi ta ɓata ba. Nana Hauwa ta dubi mayafin da aka ɗinka wa firizar, da aikin zare a bakinsa, ta dubi uwar tata, ba ta sake tambaya ba. 'Yar gidan ce, ta san yaren.

Bayan an sauko daga masallaci kwaɓi ya ture marfin baho. Mero ta cusa kara a tanderu, wuta ta lashe bango ta kwanta. Ta gutsuro curin farko, ta faɗaɗa shi a tafi, ta yi bisimilla ta zura hannu ta mara. Ya zauna daram. Ta tsaya tana kallonsa yana kumbura, bayansa yana ɗaukar ja. Ta mara na biyu, ta mara na uku. Ƙamshi ya haura katanga ya shiga lungu, har aka ji wata daga maƙwabta tana cewa yau gidan Mero an dawo.

Can sai Nana Hauwa ta naɗe hannun rigarta.

"Yaya, in gwada ɗaya."

"Wannan ba alli da allo ba ne."

"Na sani."

Mero ta ɗan matsa gefe a kan kujerar, ba ta ce zauna ba, ba ta kuma hana ba. Daktar ta faɗaɗa curinta, ya fito a karkace kamar kunnen akuya. Ta zura hannu tana runtse ido, ta mara, wajen fitowa damtsenta ya gogi bakin tanderu. Ta ja iska ta haƙora, ta yarfe hannu. Wani ɗan jan layi ya kwanta a fatar, daidai inda na Mero yake, daidai inda na Iya yake. Gurasar kuwa ta kama bango, ba ta faɗi ba.

Mero ta tashi ta buɗe firiza, ta ɗebo ruwan sanyi ta kama hannun tana zuba masa a hankali. "Ga inda ruwanki yake da amfani," ta ce. Ta daɗe riƙe da hannun fiye da yadda ƙunar take buƙata.

Da la'asar sakaliya Malam Isyaku ya yi sallama a zaure, da muryar wanda ya zo karɓar mummunan labari. Aka miƙo masa kwando an rufe da tsabtataccen ƙyalle. Ya ɗaga gefe, ya danna guda ɗaya da yatsa, ta lotsa ta dawo. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Zan gaya wa gidan Sabo Allah ya ba su ladan niyya." Ya fita da sauri, kai ka ce za a ƙwace.

Kafin magariba tsakar gidan ta cika da mata masu sayen ta bandashe, wadda ake jiƙawa a barbaɗa ƙuli, kowacce da kwanonta, ana ta santin ƙamshi tunda ba halin ɗanɗanawa. 'Yardada ta kutso tsakiyarsu ta ɗauki guda tana juyawa.

"Ban gaya miki ba? Baki ne. Rubutun nan nawa ne ya yi aiki, ko wani malamin kika samu a ɓoye? Faɗa mana sunansa mu ma mu je."

Mata suka zuba wa Mero ido suna jira. Nana Hauwa tana bakin rijiya tana wanke baho, ta ba su baya. Mero ta ji maganar da ta saba haɗiyewa shekara da shekaru ta taso mata. Tana iya cewa Allah ne ya kawo sauƙi, kuma ba ta yi ƙarya ba. Tana iya cewa waccan ce. Ta dubi gurasar nan mai kunnen akuya da ta ware a kan faifai ba ta sa a ta sayarwa ba.

"Ba malami ba ne," ta ce. "Karatun kitsen nan ne da kuke wa dariya. Nana Hauwa ce ta gano. 'Yata."

'Yardada ta saki baki, gurasa a hannu. A bakin rijiya ƙarar wanke baho ta tsaya. Yarinyar ba ta juyo ba, kafaɗunta ne kawai suke rawa.

Daga masallaci muryar Malam Isyaku ta tashi. Mero ta zuba kunu mai ɗumi a kofi, ta ɗora dabino a kan gurasar mai kunnen akuya, ta ɗauka da kanta ta nufi bakin rijiya.

"Nana Hauwa," ta sake cewa, a hankali, don bakin bai saba ba tukuna. "Taso ki sha ruwa."